Kwaɗon Da Ya Ci Gado Sau Biyu

Duk wanda ya taɓa kwana a Dirin Daji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba a masarautar Zuru ta Jihar Kebbi, a tsakiyar damina, ya san cewa da zarar rana ta faɗi kwaɗi ne ke karɓe gari. Tun daga fadama har zuwa kududdufan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini, kuka ne ba ƙaƙƙautawa sai gari ya waye. Galibinmu dai ba mu ɗauki kwaɗo a bakin komai ba. Wasu na ƙyamarsa, wasu na cin bududdugi, yara kuwa jifa suke yi. Amma a cikin ruwayen ƙasar nan akwai wani jinsin kwaɗo wanda manyan jami'o'in duniya suka shafe fiye da shekara 90 suna nazarinsa, kuma abin da suka gano a jikinsa ya shafi gyaɗar da muke nomawa, ya kuma shafi jinin 'ya'yanmu. Wannan shi ya sa muka ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu bayaninsa dalla-dalla.

Kwaɗo Mai Farce

Kwaɗon da muke magana a kai ba ya cikin masu cika mana kunne da dare, gama a ƙarƙashin ruwa yake yin nasa kukan, kamar ana ƙyasta tsakuwa. Jikinsa a baje yake, ga santsi, idanunsa a saman kai, ba shi da harshe, kuma da hannuwansa yake tura abinci a baki. A kowace ƙafarsa ta baya akwai yatsu uku masu baƙin farce. Saboda wannan ne masana suka raɗa masa suna Xenopus, watau mai baƙuwar ƙafa a harshen Girka. Ba ya son barin ruwa. Idan rani ya yi kududdufi ya ƙafe, sai ya nutse cikin laka ya jira ruwan sama, ko kuwa ya yi ƙaura da dare ya nemi wani ruwan.

Asalin wannan jinsi duka a Afirka yake, kudu da hamadar Sahara, kuma an san ire-irensa kusan 30. Biyu daga cikinsu sun fi shahara a ɗakunan bincike. Na farko shi ne Xenopus laevis na kudancin Afirka. Tun daga shekarun 1930, bayan aikin Lancelot Hogben da wasu masana a birnin Cape Town, da shi ake gwajin juna biyu: a yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin mace, idan ta saki ƙwai kafin washegari, to matar tana da ciki. An ci gaba da yin haka a asibitocin duniya har cikin shekarun 1960. Da shi ne kuma John Gurdon na Ingila ya yi gwajin da ya buga a 1962, inda ya samar da sabon talibambam daga ƙwayar hanjin wani talibambam, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2012.

Na biyun kuwa shi ne Xenopus tropicalis na dazuzzukan Afirka ta Yamma, har da kudancin Nijeriya. Shi ne kwaɗo na farko a duniya da aka karance kundin gadonsa, aka buga sakamakon a 2010, kuma macen da aka yi aikin da ita daga zuriyar da aka ɗebo a Nijeriya take. Har gobe masana na kiran wannan zuriya da sunan ƙasarmu.

Mu ma a nan arewa muna da namu. A 2015 wani ayarin masana ƙarƙashin Ben Evans na Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada ya bayyana sababbin ire-ire shida na wannan jinsi. Ɗaya daga cikinsu, Xenopus fischbergi, shi ne na filayen ciyawa irin namu, tun daga wajejen Ghana da Burkina Faso, ya biyo ta Benin da arewacin Nijeriya, har Kamaru da Cadi. A dā ana haɗa shi da wani ɗan'uwansa na gabashin Afirka, sai bincike ya nuna kowa da gidansa. An sa masa sunan Michail Fischberg, wani malami a birnin Geneva wanda ya daɗe yana kiwon waɗannan kwaɗi. Tafkuna da kududdufai irin na ƙasar Zuru su ne irin mazaunin da yake so.

Damin Gado

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan yi shimfiɗa. Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za a gina jiki da yadda zai yi aiki. Kowane umarni guda shi muke kira ƙwayar gado. Mutumin da ya fara gano ƙa'idar yadda gado ke bin zuriya wani limamin Kirista ne, Gregor Mendel, wanda ya yi gwaje-gwajensa da wani irin wake a lambun gidan sufaye na birnin Brno, ya buga su a 1866.

Shi wannan zare ba a warwatse yake ba. An ɗaure shi dami-dami, kamar yadda manomi ke ɗaure dawa kafin ya kai rumbu. Masana na kiran kowane dami kuromosom. Ɗan Adam yana da dami 46, watau 23 daga uba, 23 daga uwa, kuma a cikinsu akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000. Galibin dabbobi haka suke, jeri ɗaya daga uba, jeri ɗaya daga uwa.

To, ga inda abin mamakin yake. Kwaɗon kudancin Nijeriya, tropicalis, yana da dami 20, jeri biyu ke nan kamar kowa. Amma shi kaɗai ne haka a duk danginsa da aka sani. Laevis da namu fischbergi suna da dami 36, jeri huɗu ke nan. Akwai masu 40, akwai masu 72, har ma akwai masu 108, watau jeri 12. Ke nan a tarihin waɗannan kwaɗi an ninka rumbun gadon baki ɗaya, wasu sau ɗaya, wasu fiye da haka.

Yadda Aka Yi Ninkin

Kowa ya san alfadari. Doki yana da dami 64, jaki yana da 62, ɗan da suka haifa yana da 63. Alfadari ga ƙarfi ga juriya, amma ba ya haihuwa, domin kuwa lokacin da jiki zai yi ƙwai ko maniyyi, dole kowane dami ya sami abokinsa su jeru bibbiyu kafin a raba su gida biyu. Damin doki da na jaki ba su dace da juna ba, saboda haka rabon ba ya yiwuwa.

Haka abin yake idan kwaɗi iri biyu suka yi barbara, amma da ɗan bambanci. Gwaje-gwajen da Hans Rudolf Kobel da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Suwizalan sun nuna cewa mazan da aka samu ta wannan haɗi ba sa haihuwa, amma matan sukan saki waɗansu manyan ƙwai waɗanda ba a raba daminsu ba. Idan irin wannan ya maimaitu a zuriya, sai a wayi gari da kwaɗo mai cikakken rumbun wannan iri da cikakken rumbun wancan. Yanzu kowane dami ya sami abokinsa, haihuwa ta dawo, sabon iri ya kafu.

A 2016 wani babban ayarin masana daga Amurka da Japan da waɗansu ƙasashe, cikinsu har da Daniel Rokhsar da Richard Harland na Jami'ar California da Masanori Taira na Jami'ar Tokyo, ya buga cikakken kundin gadon laevis a mujallar Nature. Bisa lissafinsu, kakannin nan biyu, kowanne mai dami 18, sun rabu da juna kimanin shekara miliyan 34 da suka wuce, suka sake haɗuwa kimanin shekara miliyan 17 zuwa 18 da suka wuce. Dukansu biyu sun ƙare a duniya, amma rumbunansu na nan a jikin jikansu, kuma ana iya bambance su, gama kowane kaka ya bar waɗansu alamu nasa na kansa a jikin zaren, kamar yadda tsagar fuska ke nuna gidan da mutum ya fito. Da yake damin kaka ɗaya sun fi na ɗayan tsawo, sai aka kira rumbu ɗaya Dogo, ɗayan kuma Gajere.

Ina Makomar Na Biyun?

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: idan kowace ƙwayar gado ta zama biyu, me ke faruwa da ta biyun? A 1970 wani masani ɗan asalin Japan mai aiki a Amurka, Susumu Ohno, ya rubuta littafi a kan wannan batu. Za mu iya kwatanta ra'ayinsa da manomi mai garma ɗaya. Ba zai taɓa yarda ya kai ta maƙera a sake mata siffa ba, gama idan aikin ya ɓaci, noman bana ya wuce shi. Amma wanda ke da garma biyu yana iya riƙe ɗaya, ya bar maƙeri ya gwada basirarsa a kan ɗayar. Ohno ya ce ta haka ne halittu ke samun sababbin kayan aiki. Binciken kwaɗi ya nuna cewa hanyoyin sun kai huɗu.

Hanya ta farko ita ce lalacewa. Garmar da ba a amfani da ita tsatsa ke cinye ta. Idan kuskure ya shiga ƙwaya ta biyu, kwaɗon ba ya jin komai tun da ta farkon na aiki, saboda haka kuskuren sai ya bi zuriya har ƙwayar ta mutu ko ta ɓace. Wannan ya faru da yawa, sai dai ba a yi rabon asarar daidai ba. Rumbun Gajere ya yi asarar kimanin kashi 31 cikin 100 na ƙwayoyinsa, shi kuwa Dogo kimanin kashi 8 kacal. Bugu da ƙari, inda duka biyun suka tsira, sau da yawa ta Dogo ta ɗan fi ta Gajere aiki. Watau a cikin gida ɗaya, gadon kaka ɗaya ya rinjayi na ɗayan.

Hanya ta biyu ita ce riƙe su duka domin kiyaye ma'auni. Fiye da kashi 56 cikin 100 na ƙwayoyin suna nan bibbiyu har yanzu, bayan wannan dogon zamani. Tun a 1993 Marianne Hughes da Austin Hughes suka duba tagwayen ƙwayoyi 17 na wannan kwaɗo, suka tarar duka biyun ana tsaron su daga lalacewa, saɓanin abin da aka zata cewa ɗaya za ta zama sakakkiya. Dalilin ba shi da wuyar ganewa ga duk macen da ta taɓa girki na biki. Idan an ninka miya, an ninka ruwa da gishiri da daddawa da kuka gaba ɗaya, ɗanɗano ba zai canza ba. Amma idan aka mayar da gishiri kaɗai ma'auninsa na dā, miya ta yi lami. Ƙwayoyin da ke aiki cikin ƙungiya, musamman masu ba da umarnin yadda ɗan tayi zai ginu da masu kai saƙo tsakanin ƙwayoyin jiki, su ne aka fi riƙewa bibbiyu. Waɗanda suka fi komawa ɗaya kuwa sun haɗa da masu gyaran zaren DNA idan ya tsinke.

Hanya ta uku ita ce rabon aiki. A 1999 Allan Force da Michael Lynch da abokan aikinsu suka bayyana ta. Misalinta kamar uba ne mai noman tudu da fadama, ya rasu ya bar 'ya'ya biyu. Da tafiya ta yi tafiya, ɗaya ya manta noman shinkafa, ɗayan ya manta noman dawa. Babu wanda ya koyi sabon abu a cikinsu, amma yanzu gidan ba zai iya rabuwa da ko ɗaya ba. A jikin laevis an sami tagwayen ƙwayoyi da dama waɗanda ɗaya ke aiki a wata gaɓa ko a wani lokaci na girma, ɗayar kuma a wata gaɓar ko wani lokacin.

Hanya ta huɗu ita ce wadda Ohno ya hango, watau sabon aiki. Ba ta da yawa, amma misalinta a wannan kwaɗo abin a jinjina ne. Akwai wata ƙwaya mai suna dmrt1 wadda ke taimakawa wajen gina 'ya'yan maraina a dabbobi da yawa. A 2008 masana a Jami'ar Kitasato ta Japan suka gano cewa wani ɓangare na wannan ƙwaya ya kwafu ya zama sabuwar ƙwaya, aka kira ta DM-W, kuma aikinta shi ne ta tare wa ta asalin hanya. Duk kwaɗon laevis da ya gaje ta mace yake zama. Daga baya aka tabbatar cewa daga rumbun Gajere aka kwafo ta, wanda ya fi yin asara. Ashe garmar da aka kai maƙera ce ta dawo ta zama mai yanke hukuncin wa zai zama namiji, wa zai zama mace.

Abin Ya Zo Gona

Mai karatu na iya cewa, to ina ruwan manomin Sakaba ko na Danko-Wasagu da rumbun kwaɗo? Amsar ita ce yawancin abin da muke nomawa ta wannan hanya ya samu. Gyaɗa tana da dami 40, kuma haɗi ce ta ciyayin daji iri biyu na Kudancin Amurka, kowanne mai dami 20. Audugar da muke shukawa tana da 52, alkamar burodi tana da 42, watau jeri shida, acca kuma, wadda aka karance kundinta a 2020, jeri huɗu gare ta. Masara ma an ninka rumbunta a zamanin dā bayan ta rabu da 'yar'uwarta dawa, kuma a jikinta an ga irin abin da aka gani a kwaɗo: rumbu ɗaya ya fi ɗayan asara. Ayaba kuwa jeri uku gare ta, ba ya rabuwa biyu, shi ya sa ba ta da 'ya'ya a ciki sai a dasa 'ya'yan gindinta.

Ninki yakan kawo girma da yawan amfani, amma yana da nasa hasara. Da gyaɗa ta ninku, sai ta daina barbara da danginta na daji masu dami 20, saboda haka duk gyaɗar duniya kusan daga tushe ɗaya take, kuma cutar da ta kama ɗaya tana iya kama saura. Dattawanmu ba su manta da 1975 ba, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa ta halaka kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya, ta ƙara durƙusar da cinikin da ya gina dalar gyaɗa a Kano. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da abokan aikinta, ta fito da ire-iren SAMNUT masu jure wannan cuta. A ƙasar Senegal da Brazil kuma masana sun haɗa dangin gyaɗa na daji, sun ninka daminsu da gangan, sa'an nan suka yi barbararsu da gyaɗar gida domin a shigo da sabon ƙarfi. Sanin makomar tagwayen ƙwayoyi shi ke nuna wa irin waɗannan masana inda za su sa hannu.

Abin Ya Zo Jininmu

Masana sun sami shaidar cewa tun can farkon tarihin dabbobi masu ƙashin baya, kimanin shekara miliyan 500 bisa lissafinsu, an yi irin wannan ninki har sau biyu, kifaye irin su tarwaɗa da karfasa kuma suka ƙara na uku. Amma a yau jikin ɗan Adam ba ya ɗaukar ninki. Cikin da ya zo da jeri uku yakan zube, ko jaririn ya rasu jim kaɗan bayan haihuwa. Ko dami ɗaya ne ya ƙaru, kamar dami na 21 da ke kawo larurar da ake kira Down, ma'aunin jiki yakan taɓu. Wannan shi ne batun gishirin miya da muka ambata. Ya kamata iyaye su sani cewa irin wannan larura ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin maƙiya ba ne.

Sai dai akwai ƙaramin kwafi, inda ƙwaya ɗaya ke kwafuwa ta zauna kusa da 'yar'uwarta, kuma ƙa'idojin nan huɗu su ne ke aiki a kansa. Babban misali shi ne sinadarin himogulobin, mai ɗaukar iska a cikin jini. A dami na 11 na ɗan Adam akwai jerin ƙwayoyi 'yan gida ɗaya waɗanda suka raba aiki bisa lokaci: akwai masu aiki lokacin da jariri ke ciki, akwai wadda ke karɓar aiki bayan haihuwa. Cutar sikila, wadda aka fi sani da amosanin jini, kuskure ne a cikin ta bayan haihuwar kaɗai. Shi ya sa jaririn da ya gaji cutar yakan yi wata biyar ko shida lafiya lau, sai jinin jarirantaka ya ja baya sa'an nan ciwo ya fara. Wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ita ta lura da haka tun a 1948.

Da yake ƙwayoyin jarirantakar suna nan a jiki, barci kawai suke yi, likitoci sun nemi hanyar tashe su. Maganin nan hydroxyurea, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998, yana ƙara yawan jinin jarirantaka, kuma binciken da aka gudanar a asibitocin Kano, aka buga a 2022, ya nuna amfaninsa wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. A ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da wani sabon magani mai suna Casgevy, wanda ke gyara ƙwayoyin ɓargon majiyyaci domin su koma yin jinin jarirantaka. Kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya, abin da ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Saboda haka rigakafi shi ne namu. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta, inda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ita kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadonta, watau AS. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ikilisiyoyi da yawa suna neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, Jihar Kano ma ta mayar da gwajin doka a 2024. Shawararmu ga samari da 'yan mata ita ce a yi gwajin tun kafin magana ta yi nisa, a asibitin da aka amince da shi, kada a bari sai an kai kaya an sa rana.

Kwaɗi A Buhu

Yanzu bari mu koma ga su kwaɗin kansu, gama suna cikin matsi. Wani bincike da masanan Jamus da na Nijeriya suka buga a 2010 ya nuna cewa 'yan kasuwa 32 kawai a kudu maso yammacin ƙasar nan suna sayar da kwaɗi fiye da miliyan 2 da dubu 700 a shekara. Galibinsu daga arewa ake kawo su, da kuma maƙwabta irin su garin Malanville na ƙasar Benin, wanda ke bakin Kogin Kwara ba nisa da iyakar Jihar Kebbi. Ana kama su ne musamman da rani lokacin da suka taru a ɗan ruwan da ya rage, a busar ko a ƙyafe, a ɗura a buhu. Wanda aka fi kamawa shi ne bududdugi, wanda masana ke kira Hoplobatrachus occipitalis, amma masu farce ma ba su tsira ba. Shi kansa bududdugin, tun a 1976 James Bogart da Mills Tandy suka ba da rahoton cewa a cikinsa akwai masu jeri biyu akwai masu jeri huɗu, alhali a ido kamanninsu ɗaya. Ma'anar wannan ita ce ana iya ƙarar da wani iri ƙarƙaf a buhu ba tare da kowa ya san an yi ba.

Sana'a ce, kuma ba mu ce a hana mutane neman abinci ba. Amma ƙasar Indiya ta taɓa zama babbar mai sayar da cinyoyin kwaɗi ga Turai, sai da ta haramta fitar da su a 1987, saboda kwaɗin sun ragu ƙwarai, ana kuma fargabar ƙaruwar ƙwarin gona da suke cinyewa. A maƙwabciyarmu Kamaru akwai Xenopus longipes mai dami 108, wanda duk duniya ba a samun sa sai a Tafkin Oku kaɗai, kuma yana cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Wani babban rahoto na 2023 ya nuna cewa kimanin kashi 41 cikin 100 na ire-iren kwaɗi da danginsu a duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa. Yawan jerin gado ba ya kare kwaɗo daga ƙafewar tafki ko gurɓatar ruwa.

Ga kuma batun maganin feshi. Fatar kwaɗo tana shan duk abin da ke cikin ruwa. Tyrone Hayes na Jami'ar California ya buga bincike a 2002 da 2010 cewa maganin ciyawa atrazine, wanda manoman masara da dawa suka sani sarai, yana ɓata halittar mazan laevis har waɗansu su koma kamar mata. Waɗansu masanan sun yi gwaji ba su sami irin wannan sakamako ba, kuma an yi ta muhawara a kai, amma Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da maganin tun a 2004. Ko ma dai yaya muhawarar ta ƙare, wanke tankin feshi a bakin rafin da mutane da dabbobi ke sha ba hikima ba ce.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Akwai abubuwan da kowane gari zai iya yi ba sai an jira gwamnati ba. Masu unguwanni da dagatai na iya keɓe waɗansu tafkuna da ba za a kama kwaɗi a cikinsu ba, a kuma hana kamu a farkon damina lokacin da suke saka ƙwai, kamar yadda sarakunan ruwa suka saba sa wa kamun kifi lokaci. Manoma su wanke kayan feshi nesa da ruwa, su binne kwalaben da suka ƙare maimakon a mayar da su na ɗibar ruwa. Iyaye su kai 'ya'yansu gwajin jini tun suna ƙanana, su kuma nemi shawarar likita game da magani idan an sami mai sikila a gida.

Ga matasanmu kuma akwai kira na musamman. Tun 2020 aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garin Zuru. Ƙidayar damin kwaɗo ko na tsiro aiki ne da ake yi da madubin likita da 'yan sinadarai kaɗan, an kuwa yi shi tun kafin a san kwamfuta. Kwaɗon da aka ɗebo daga Nijeriya ya yi suna a Amurka da Japan, an rubuta dubban takardu a kansa. Lokaci ya yi da ɗan Sakaba ko 'yar Fakai za su shiga fadamun ƙasarsu da koma da littafin rubutu, su tantance wane iri ne ke cikin wane tafki, dami nawa gare shi, da kuma yawan da ya rage, domin masu yanke shawara a kan ruwa da gonaki su sami abin dogara.